Abincin da Ya Kamata Ka Saya a Kantin Rahusa, da Yadda Ake Bin Sayayyar Daki-Daki

Tambaya ɗaya masu karatu ke ta maimaita mana: in mutum ya shiga irin manyan kantunan nan masu sayar da kaya cikin rahusa, kamar Aldi ko Lidl na Turai da Amurka, me zai ɗauka, me zai wuce? Amsar a dunƙule ita ce, ribar irin wannan kanti tana cikin abinci maras ƙawa, wanda abu ɗaya ko biyu ne kawai a cikinsa, kuma yake ɗauke da tambarin kantin kansa. Waɗannan kantuna kayansu kaɗan ne, bai fi iri dubu kaɗan ba, alhali babban kanti na yau da kullum yakan ajiye iri sama da dubu goma. Suna sayen iri kaɗan amma kowanne da yawa, su jera shi a cikin kwalin da ya zo, su rage ma'aikata, nan arahar take fitowa. Ga yadda ake bi.

1. Shiri tun daga gida

Buɗe firij da firiza da ma'ajiyar abinci ka ga abin da ke nan da kuma wurin da ya rage. Wurin da ya rage a firiza shi ne zai yanke maka yawan naman da za ka saya, komai arahar da ka tarar. Rubuta abincin kwana bakwai, ka fitar da jerin kaya daga ciki, da adadin kowanne.

Ka tafi da jakunkunanka, domin yawancin waɗannan kantuna ba sa ba da leda kyauta. Ka haɗa da jaka mai riƙe sanyi da ƙanƙara biyu ko uku a ciki, musamman in tafiyar ta kai rabin awa. Ka riƙe kwabo ɗaya na ƙarfe a aljihu: a wurare da yawa keken zuba kaya a ɗaure yake da sarƙa, sai ka saka kwabo ya saki, in ka mayar da shi kuɗinka ya dawo.

Gargaɗi: kada ka shiga da yunwa. A kantuna da yawa wurin gasa burodi yana kusa da ƙofa, kuma ba a banza aka sa shi nan ba.

2. Karanta ƙaramin rubutun da ke jikin kanta

Wannan mataki shi ne ƙashin bayan sayayyar gaba ɗaya, don haka a tsaya a kansa. A jikin kanta, ƙarƙashin kowane kaya, akwai farashi biyu: babban rubutu na kuɗin ƙunshin, da ƙarami a gefe na kuɗin kilo ɗaya, ko lita ɗaya, ko giram 100. Ƙaramin shi ne naka. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan ido yakan sha ƙasa, domin masu ƙera kwali sun san yadda za su faɗaɗa shi ba tare da sun ƙara abin ciki ba.

A ce taliya giram 500 ana sayar da ita 90, wata kuma giram 400 ana sayar da ita 80. Ta biyun ta fi araha a ido, amma kilo ɗaya nata ya kama 200, na farkon kuwa 180. In kantin bai rubuta kuɗin kilo ba, raba farashin da nauyin a wayarka, daƙiƙa goma ne.

Abu uku ke ruɗa mutane a nan. Na farko, wani lokaci kaya ɗaya an rubuta nasa a kan kilo, na kusa da shi a kan giram 100, sai ka ninka na biyun sau goma kafin ka gwada su. Na biyu, babban ƙunshi ba kullum ya fi araha ba, akwai lokacin da ƙanana biyu suke fin babba ɗaya sauƙi. Na uku, kamfani yakan rage nauyi ya bar farashi da girman leda yadda suke, don haka kayan da ka saba ɗauka ma ka riƙa duba nauyinsa lokaci zuwa lokaci.

Daga nan ka juya bayan ƙunshin. A ƙa'idar yawancin ƙasashe, ana jera abubuwan da aka haɗa ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta. In ka ga sukari ko ruwa ko sitaci a farkon jeri, shi ka fi saya. Da wannan jeri kake gwada kayan kantin da na sanannen kamfani: in jerin da adadin sun yi kusan ɗaya, bambancin kuɗin na talla ne da suna.

Kwanan wata iri biyu ne, kuma rikita su na jawo ko dai asara ko ciwon ciki. Wanda aka rubuta "use by" na lafiya ne, ana sa shi a nama da kifi da ɗanyar madara, in ya wuce ba a ci, ko da abin bai yi wari ba. Wanda aka rubuta "best before" na daɗi ne kawai: shinkafa ko taliya ko gwangwanin da ya haura wannan rana ba ya zama guba, matuƙar an adana shi da kyau kuma ƙunshin bai fashe ba.

3. Fara da busassun kaya

A nan ne kwalliya ke biyan kuɗin sabulu. Farar shinkafa, taliya da makaroni, fulawa, sukari, gishiri, busasshen wake iri-iri, ganyen shayi, man girki: ɗauki na tambarin kantin ba tare da dogon tunani ba. Gishiri gishiri ne, sukari sukari ne, babu wata dabara da sanannen kamfani zai ƙara musu. Su ne kuma masu nauyi, sai su zauna a ƙasan keke.

A taliya, nemi wadda aka rubuta an yi ta da alkamar durum zalla, wato wani nau'in alkama mai tauri, ita ce ba ta caɓewa a tukunya. A shinkafa, ɗaga ledar ka duba ƙasanta: in gari ya taru ko ƙwayoyin sun kakkarye da yawa, za ta dunƙule in an dafa. A wake, duba ko akwai ƙananan huji ko baƙin ƙwaro yana yawo a ciki.

Gyaɗa da sauran dangin ƙwaya, da busassun 'ya'yan itace, suna cikin abin da bambancin farashinsu ke da girma. Ka dube su a wuri biyu, wajen kayan ciye-ciye da wajen kayan yin kek, sau da yawa abu ɗaya ne amma kuɗin kilo ya bambanta, kuma na wajen kayan kek ba a zuba masa gishiri ba.

Gargaɗi: ba duk busasshen abu ke jure ajiya ba. Farar shinkafa takan yi shekaru a rufaffen mazubi, amma shinkafar da ba a surfe ba wata shida ne zuwa abin da ya yi kama, domin man da ke cikin dusarta yana lalacewa ya canza wari. Haka garin alkama mai dusa da gyaɗa. In za ka sayi waɗannan da yawa, firiza ce wurinsu. Niƙaƙƙen kayan ƙamshi kuma ƙarfinsa na raguwa tun daga ranar da aka buɗe, ƙaramar kwalba ta fi.

Man zaitun na kantin rahusa abin saya ne. Zaɓi na kwalba mai duhu ko gwangwani, haske da zafi ne ke ɓata shi, kuma karanta da kyau kada ka ɗauko gaurayen da yawancinsa wani mai ne daban, aka ɗiga masa zaitun don a samu na rubutawa a gaba.

4. Gwangwani da kwalba

Tumatirin gwangwani, yankakke da niƙaƙƙe, dafaffen wake, masara, sardin, tuna da sauran kifin gwangwani duk suna cikin abin da ya dace ka cika ma'ajiya da su. Sai dai a gwangwani nauyi biyu ake rubutawa, na duka da ruwansa, da na abin bayan an tsane shi. Na biyun za ka yi lissafi da shi. A ce gwangwanin wake biyu duk giram 400 ne, ɗaya 50 ɗaya 45. In na 50 ɗin waken cikinsa giram 240 ne, na 45 kuwa giram 200, to na 45 ya fi tsada, ruwa ka saya.

Wake da masara, tsane ruwan ka ɗauraye su kafin ka zuba a tukunya, gishirin zai ragu sosai. 'Ya'yan itacen gwangwani, ɗauki wanda ke cikin ruwansa, ka bar na cikin ruwan sukari mai kauri.

Gargaɗi: gwangwanin da ya kumbura, ko yake yoyo, ko ya loɓa a daidai bakinsa ko ɗinkin gefensa, ko tsatsa ta ci shi, kada ka ɗauka ko kyauta ne. Kumburi na iya zama alamar ƙwayar cutar da gubarta ke shanye jiki har ta yi kisa, kuma ba lallai ka ji wari ba. Ƙaramar loɓawa a tsakiyar jiki, wadda ba ta yi kaifi ba, ba ta da laifi. A kwalba, danna tsakiyar murfin, in ya yi ƙas ya dawo, iska ta riga ta shiga. Gwangwanin abu mai tsami irin tumatir ya fi kyau a ci cikin wata 12 zuwa 18, na wake da kifi da nama kan kai shekara 2 zuwa 5.

5. Kayan lambu da 'ya'yan itace

Nan sai an buɗe ido. Masu jure ajiya, wato albasa, dankalin turawa, karas, kabeji, tafarnuwa, tuffa da lemo, su ne sayayya mai kyau. Masu laushi kuwa, irin latas, alayyafo, inabi da nunannen tumatir, saya na kwana biyu ko uku kawai.

Matsalar kantin rahusa ita ce yawancin kayan a ƙulle suke a raga ko leda, ba ka zaɓa ɗaya-ɗaya. Ɗauki ragar albasa ka juya ta a hannu, ka taɓa wuyan kowace ɗaya da za ka iya kaiwa, wuya mai laushi ruɓa ce ke tafe. Ledar karas in ta yi gumi a ciki, ajiye ta. Robar inabi, ɗaga ta sama ka leƙa ƙasa, in ka ga danshi ko fumfuna ko ƙwaya ɗaya da ta fashe, sauran ma sun kusa. Tun da a kwalaye ake jera kayan, ɗaga na sama ka duba na ƙarƙashi, galibi shi ne sabon zuwa.

Ka kuma yi wa kanka gaskiya kan yawa. Buhun dankali kilo biyar da rabinsa zai tsiro kafin ka kai gare shi ya fi kilo biyu tsada. Dankalin da ya yi kore a jiki ma a bar shi, koren yana tafe da wani sinadari mai ɗaci da ke ɓata ciki.

6. Madara, ƙwai da burodi

Madara, bota, yogot maras sukari da cuku mai tauri na tambarin kanti ba su da wani aibi, kuma bambancin kuɗinsu yana taruwa tun da kullum ake cinsu. Miƙa hannu can baya, ma'aikata kan turo tsofaffin gaba. Babban mazubin yogot maras komai ya fi ƙananan kofuna masu ɗanɗano araha, sukarinsa kuma kai za ka auna.

Madarar kwali mai daɗewa, wadda aka dafa da zafi mai tsanani na 'yan daƙiƙu, takan yi watanni a kan kanta ba firij. Da ka buɗe ta kuwa ta zama ɗanyar madara, sai firij, a shanye cikin 'yan kwanakin da aka rubuta a jikinta.

Ƙwai, buɗe kwalin ka juya kowane ɗaya da yatsa. Wanda ya manne ya ƙi juyawa ya fashe ta ƙasa. In ka tarar da ƙwai a firij a kanti, kamar yadda ake yi a Amurka inda ake wanke shi kafin sayarwa, firij za ka saka shi a gida. A firij yakan yi mako 3 zuwa 5.

Burodi ba ya son firij, nan ya fi saurin bushewa. Wanda ba za ka ci cikin kwana biyu ko uku ba, yanka shi ka saka firiza.

7. Nama da kifi

Kaza guda ta fi yankakkiya araha a kilo, cinya ta fi ƙirji araha kuma ta fi jure wuta. Amma karanta gaban ledar: wasu kajin an ɗura musu ruwan gishiri, kuma ana rubuta kashi nawa cikin ɗari nama ne. Ruwan nan da kuɗin nama ka saye shi, a kasko kuma zai fito ya hana naman soyuwa. Niƙaƙƙen nama, duba adadin kitsen da aka rubuta, mai kitse da yawa ya fi araha amma wani kaso nasa narkewa zai yi. Tsiran nama da makamantansa, jerin bayan leda ne zai gaya maka ko nama ka saya ko fulawa da ruwa.

Naman da aka liƙa wa takardar ragi saboda ranarsa ta kusa, garaɓasa ce ta gaske, da sharaɗin ka dafa shi ko ka daskarar da shi kafin ranar ta wuce. Lokacin liƙa takardar ya bambanta daga kanti zuwa kanti, tambayi ma'aikaci ya gaya maka.

Gargaɗi: ledar da ta kumbura, ko ta yage, ko jini ya fito ta gefe, bar ta. Saka nama a leda ta daban, ka ajiye shi nesa da abin da ake ci ɗanye. Wanda kuma ke kiyaye wani abinci saboda addini ko rashin lafiya, kada ya dogara da hoton gaba: alawa, yogot mai ɗanɗano, miyar kwali da kek sukan ƙunshi jelatin (wani sinadari da ake samu daga fata da ƙashin dabba) ko kitsen dabba ko gyaɗa, kuma kayan kanti kan canza haɗi in an canza masana'antar da ke yi musu.

8. Firiza ce ƙarshe

Daskararrun kayan lambu, koren wake, alayyafo, masara, gaurayen ganye, suna cikin mafi kyawun abin da za ka ɗauka a kantin gaba ɗaya. Ana daskarar da su jim kaɗan bayan girbi, an riga an wanke an yanka, kuma abin da kake buƙata kawai za ka ɗiba ka mayar da saura. Haka daskararren kifi maras haɗi. Girgiza ledar: in ƙwayoyin suna warwatse suna ƙara, lafiya lau, in sun dunƙule wuri ɗaya kamar dutse, sun taɓa narkewa aka sake daskarar da su. Kifi da jatan lande ana lulluɓe su da ƙanƙara don kada su bushe, nemi nauyin da aka rubuta ba tare da ƙanƙarar ba.

Dafaffen abincin firiza da ake ɗumamawa kawai, araharsa a ido ce. Duba gishirinsa: abin da ya haura giram 1.5 a cikin giram 100 ya yi yawa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ƙasa da giram 5 ta ba babba shawara a yini. In sodiyam aka rubuta, ninka shi sau biyu da rabi ka samu gishirin.

9. Abin da za ka wuce

Layin tsakiya, inda ake zuba kayan da ke zuwa mako-mako su ƙare, shi ke cinye ribar da ka tara a sauran layuka. In abu ba ya cikin jerinka, wuce. Sanannun kayan kamfanoni da kantin ya ɗan ajiye ma ba kullum suka fi araha a nan ba, manyan kantuna kan yi musu ragin da ya fi haka. Lemon kwali, bambance ruwan 'ya'yan itace zalla da ruwan sukari mai launi, kashi nawa cikin ɗari yana rubuce.

Akwai kayan da baki ke da zaɓi a kansu, gahawa, cakulan, hatsin karin kumallo, mayonis. A nan sayi ɗaya ƙarami ka gwada a gida tukuna. In iyali sun karɓa, mako mai zuwa ka ƙara.

10. Wurin biya

Masu karɓar kuɗi a nan suna da sauri ƙwarai, kuma wurin da kaya ke sauka ƙarami ne. Jera masu nauyi da farko, gwangwani da kwalba da buhu, sannan masu sanyi wuri ɗaya, ƙwai da burodi da ganye a ƙarshe. Kada ka tsaya ɗura jaka a gaban mai karɓar kuɗi, mayar da komai cikin keke, ka je kan dogon teburin da ke gaba ka shirya a natse. A nan ka duba rasit, musamman kayan da ke da takardar ragi, domin ita ce ake mantawa a buga. Riƙe rasit ɗin, da shi ake mayar da kayan da aka tarar sun lalace.

11. Da isarka gida

Abinci mai lalacewa kada ya wuce awa 2 a waje tun daga ɗaukarsa a kanti, in zafin gari ya haura digiri 32 a ma'aunin Celsius kuwa awa 1. Firij ya kasance digiri 4 ko ƙasa, firiza digiri 18 ƙasa da sifili.

Raba naman tun yanzu, gwargwadon girki ɗaya-ɗaya, ka matse iska daga ledar, ka shimfiɗa ta a baje don ta yi saurin daskarewa, ka rubuta suna da kwanan wata. Ɗanyar kaza da niƙaƙƙen nama kwana 1 zuwa 2 suke yi a firij, manyan yanka na jan nama kwana 3 zuwa 5. A firiza niƙaƙƙen nama yana riƙe daɗinsa wata 3 zuwa 4, yankakkiyar kaza wata 9, kaza guda shekara ɗaya. Wanda zai kwana a firij, a ƙasan ƙarshe za a sa shi cikin kwano, don kada ya ɗiga kan wani abu. In za ka narkar, a firij za ka yi tun daren jiya, kuma kaza sai cikinta ya kai digiri 74 ta dahu.

Juye shinkafa da fulawa da wake cikin mazubi mai murfi. In kana tsoron ƙwari, saka ledar a firiza na kwana huɗu zuwa mako kafin ka juye. Raba albasa da dankali, zamansu wuri ɗaya yana sa su saurin lalacewa, kuma dankalin ya zauna a duhu. Tuffa, ayaba da tumatir suna fitar da wata iska mai sa abu ya nuna, nisanta su daga ganye da karas. Sabon gwangwani ya tafi baya, tsohon ya dawo gaba. Ragowar gwangwanin da aka buɗe kuma a juye shi cikin roba ko kwalba mai murfi, a sa firij, a ci cikin kwana 3 zuwa 4.